Bin Sawun Mai Tsinke

Ranar Alhamis muka sauka Shinkafi, ni da Baba, kasuwa ta cika maƙil, ga zafin bazara ya hana kowa sakat. Ban ma gama saukar da shi daga mota ba wani mai goro ya ce mana mutumin da muka zo nema ya tsallaka Nijar. Wallahi a raina sai da na ce alhamdu lillahi. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan, za mu sha fura mu juya gida. Ashe ban san Baba ba, duk da shi ya haife ni.

Ni tela ne a Ƙauran Namoda, sunana Lawali. Baba kuwa manomi ne a Dauran, bai taɓa wata sana'a ba. Idonsa na hagu tun yana saurayi karan dawa ya tsokane shi ya mutu. Na daman ne ya riƙe shi duk rayuwarsa, da shi ya yi noma, da shi ya yi mana aure. Sai ga yanar ido ta zo ta lulluɓe shi sannu a hankali, har ta kai ba ya gane fuskar kowa, iyakarsa ya ce maka gari ya waye ko rana ta faɗi. Ido ɗaya tal ya rage masa a duniya, kuma a kansa muke ta kai ruwa rana.

Na kai shi asibiti a Ƙaura. Ma'aikacin ya haska ya ce yanar ta nuna, amma aikin sai Kano, can ake cire ta a sa wata ƙwaya a madadinta. Baba ya ji kalmar aiki sai ya miƙe ya nemi sandarsa. "Wuƙa cikin idona? Ba da ni ba." Ana cikin haka labarin Mai Tsinke ya iso Dauran. Wai wani mutum ne da ke bin kasuwanni, yana sa siririn tsinke na ƙarfe ya tura yanar ta faɗa can cikin ido, nan take makaho ya ga tafin hannunsa. Ba yanka, ba kwanciya a gadon asibiti. Tun daga ranar Baba bai sake barina na huta ba.

Mai goron nan na Shinkafi ya ce ai 'yan agaji ne suka dami Mai Tsinke da tambaya. A lokacin shari'a tana sabuwa fil a jiharmu, ana ta bin bokaye da masu duba, to shi ba boka ba ne, amma dai bai ji daɗin tambayoyin ba, sai ya tattara ya yi arewa. "Amma ku zo ku ga aikinshi," in ji mai goron, ya ja mu bayan rumfunan 'yan tabarma wurin wani dattijo, Ɗan'ali, wanda aka yi wa makon da ya wuce.

Mun same shi zaune wuya a sandare, kamar ya haɗiye muciya. Ya ɗaga tsumman da ke fuskarsa ya dube ni ya ce, "Yaro, hularka ja ce." Kuma ja ce ɗin. Na ji Baba ya matse mini kafaɗa.

Na tambaye shi me ya sami wuyansa. Ya ce doka ce. Duk wanda Mai Tsinke ya yi wa aiki ba zai sunkuyar da kai ba har kwana arba'in, ko takalmi ba zai duƙa ya ɗauka ba, salla ma da nuni zai yi ta, ba ruku'u ba sujada. Wanda ya sunkuya yanar ta taso ta kashe idon, ya kuka da kansa. Yana magana ina kallon idon. Ya yi jajir, ruwa na ta zuba. Na ce ba ya ciwo? Ya ce kaɗan ne, an ce zai daina.

Ni ba wani boko mai zurfi na yi ba, amma sana'ata ta koya mini abu ɗaya. Duk yadin da ke kanti kyakkyawa ne, sai an wanke shi sau biyu sau uku kake sanin mai zuba. Na ce da mai goron ya nuna mini wanda aka yi wa bara. Ya ce ai bana ne zuwansa na fari. Na juya na ce, "Baba, mu koma gida. Ba mu san yadda idon nan zai zama nan da wata shida ba."

"Kai ka koma," in ji Baba. "Ni ka ɗora ni mota. In na hwaɗa rami ka ji labari."

To me zan ce? Haka muka bi ta Isa, muka wuce Sabon Birni, muka hau wata a-kori-kura da ke tsallaka iyaka da buhunan masara, ni ina riƙe da Baba, shi yana riƙe da butarsa.

A bakin iyaka wani jandarma, irin 'yan sandan can, ya ce mu sauko. Baba ba shi da wata takarda, tunda aka haife shi bai taɓa buƙatar ta ba. Jandarman ya tambaye mu daga ina, na ce Zamfara, sai ya bushe da dariya ya kira ɗan'uwansa. "Zo ka ga masu sabuwar shari'a! To malamai, ku zamna nan mu ma mu yi muku tamu." Ya nuna mana wani dakali a tsakiyar rana. Motar ta gaji da jira ta tafi ta bar mu. Raina ya ɓaci har ina jin ɗaci a bakina, amma ƙasar mutane ce, ko tari ban yi ba. Wata Bafulatana mai tallan nono ce ta ga yadda Baba ke haki, ta zo ta tsaya a gabansa da ƙwaryarta a ka don inuwarta ta rufe shi, sannan ta dama masa fura. Na miƙa mata kuɗi ta ture hannuna, ta ce tsoho ya sa mata albarka kawai. Har yau ban san sunanta ba. Sai bayan la'asar aka yi abin da ake yi suka sake mu.

Wannan ne karona na farko a wata ƙasa, kuma abin ya zo mini wani iri. Hausa suke yi, Hausa nake yi, amma nairata ta zama takarda, ɗan canji kuma ya haɗa ni da wasu tsofaffin sefa da duk inda na miƙa sai a dawo mini da su. Ga kiɗa na tashi a fili, ga mata a kan babur, abin da a lokacin ba ka isa ka gani a Ƙaura ba. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ke cina shi ne duk tashar da muka sauka sai an ce, "Mai Tsinke? Ai bai daɗe da wucewa ba," sai Baba ya ƙara matse mini kafaɗa.

A wani gari gaba da Gidan Rumji muka sauka ba mu san kowa ba. Ina tsaye ina zare ido sai na jiyo ƙarar keken ɗinki a wani lungu. Kai, kamar na ji muryar gida. Na ja Baba muka bi ƙarar har wani zaure, muka yi sallama. Telan sunansa Isuhu, gajere mai yawan dariya. Ya dubi yatsuna ya ce, "Kai ma ɗan allura ne," shi ke nan ya share mana gefen zauren, matarsa ta aiko da tuwon hatsi. Shi ne ya gaya mini Mai Tsinke ya nufi Dakwaro. Ya kuma ce bara ma ya zo garin, ya yi wa mutane da dama.  Abin da nake nema tun Shinkafi ga shi ya zo.

Da safe na bar Baba yana lazimi na fita teburin mai shayi inda dattawan gari ke zama. Na ce don Allah a nuna mini waɗanda aka yi wa bara. Nan da nan aka aika aka kira wani tsoho, ya zo da ƙafarsa ba ɗan jagora. Gaskiya zan faɗa, yana gani. Ba ya gane mutum sai ya matso ƙwarai, komai dishi-dishi yake ganinsa, amma yana kai kansa masallaci ya dawo. Na ce a raina ko dai ni ne mai taurin kai.

Sai na ce, "To sauran fa?"

"Waɗanne saura?"

"Sauran da ya yi wa bara. An ce suna da yawa."

 Mai shayin ya ce ai waɗancan doka suka karya. Wata ta duƙa hura wuta. Wani jikansa ya faɗi ya sunkuya ya ɗauke shi. Wani ya manta ya kai goshi ƙasa a sallar asuba. Kowanne da laifinsa, an haddace, ana faɗa ana girgiza kai. Na ce ina suke? Aka ce suna gida, ba sa fitowa.

Na ce, "To ku gaya mini, akwai wanda ya kiyaye doka tsaf kuma idon ya mutu?"

"Babu."

"Ta yaya kuka san waɗancan sun karya?"

"Ga shi sun makance," in ji mai shayin, yana kallona kamar ni ne ba na fahimta.

Wallahi ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ce haba jama'a! In ido ya buɗe aikin Mai Tsinke ne, in ya mutu laifin mai ido ne, to shi yaushe zai taɓa yin kuskure? Ko ni aka ba wannan dokar ai sai in zama gwanin ido gobe da safe. Wani dattijo ya ce kai baƙo ne, ka iya bakinka. Wani ya ce 'yan Najeriya ke nan, komai sai sun yi gardama. Isuhu ne ya zo ya janye ni ta hannun riga. Da muka sha kwana ya rage murya ya ce, "Bar su. Ɗauko tsohonka mu tai gaida Ladan."

Baba ya so ya ƙi, don ya gane nufina. Amma an ce ladanin gari ne ba shi da lafiya, kuma Baba ba ya ƙin gaisuwa. Muka same shi a ƙofar ɗakinsa a kan buzu, dogon mutum, ya rame, fuskarsa na kallon sama. Da aka gaisa Baba da kansa ya tambaye shi labarin idonsa.

Ya ce duka biyun aka yi masa rana ɗaya, kuma ya gani. Ya ga 'ya'yansa, ya ga hasumiyar da ya yi shekaru yana hawa da lalube. Saboda tsoron doka ya sa 'ya'yan suka ɗaure masa kai da rawani a jikin ginshiƙin ɗaki. A zaune yake barci, a zaune yake cin abinci, ana ba shi a baki don kada ya kalli ƙwarya. "Kwana arba'in goshina bai taɓa ƙasa ba, Malam. Ni da nike kiran mutane su zo su yi sujada." Tun kafin kwanakin su cika ciwo ya taso, kamar ana kafa masa ƙusa a ka, har da amai. Da ciwon ya lafa sai duhu. A da yana sanin rana ta fito, yanzu sai dai ya ji zafinta a jiki.

Baba ya ce, "Da ya dawo bana, kun hwaɗa mashi?"

"Na aika. Ya ce in yi haƙuri, ni na ɓata aikin." Ya murza casbinsa. "Mutane sun ce cikin barci na sunkuya. Wataƙila haka ne. Mai barci ai bai san abin da ya yi ba."

Wannan maganar ta fi komai tsaya mini a rai. An kashe wa mutum ido, an kuma bar shi yana tuhumar kansa. Baba ya matsa kusa. Ya lalubo hannun Ladan ya riƙe, suka daɗe a haka, tsofaffi biyu ba mai ganin wani.

Na tabbata an gama. Muna komawa zauren Isuhu har na fara ɗaure kaya, sai Baba ya ce, "Gobe Dakwaro."

Ban taɓa ɗaga wa mahaifina murya ba sai ranar. Na ce Baba, me kake so ka ji wanda ba ka ji ba? Ladan yana da ido biyu aka kashe, kai ɗaya gare ka! Ya bar ni na gama sababina tas, sannan ya ce, "To mai bincike, asibitin naka, ka tai ka ga waɗanda sunka yi wa bara?"

Bai jira na amsa ba, ya ci gaba.

"Ba ka tai ba. Ka yarda da su don sun sa hwarar riga. Ni ko na yarda da wanga don ya sa Ɗan'ali ya ga hularka. Mi ya raba ni da kai?"

Maganar ta ƙona ni. Isuhu ya raka mu tasha da safe, ya cusa mini ƙullin ƙuli-ƙuli da dabino a aljihu, ya ce in Allah ya sa mun dawo ta nan mu tsaya.

Hanyar arewa ita ce ta fi ba mu wuya. Babbar mota muka hau, a saman kaya, yashi na kama ƙafafunta ana sauka ana turawa. Ina zaune ina ta saƙa da warwara. Har na yi tunanin in mun sauka in ɗora shi motar da ke komawa kudu in ce masa Dakwaro za ta, tunda ba gani yake ba. Kamar ya shiga zuciyata, sai ya ce, "Lawali, rana na kuncina na dama, arewa munka nuhwa. In ta koma na hagu da sahe zan sani." Na ce ni ban ce komai ba. Ya ce ai bai ce na ce ba.

Direban ya karɓi kuɗin Dakwaro amma ya sauke mu a wata mararraba, wai nan ya tsaya, sauran tafiyar ba nisa. Ƙarya yake. Muka yi ta tafiya a ƙasa cikin yashi mai zafi har takalmin Baba ya tsinke, na ɗaure shi da zaren da ke aljihuna. Ruwan buta ya ƙare. Na tuna shagona a kulle, na tuna inuwar rumfarmu da abokan hira, na ce yau wace irin wahala na jawo wa kaina da tsohon nan. Wani mai amalanken jaki ne ya tsince mu, ya ɗora Baba a kan buhunan gawayi ni ina bi a ƙasa. Shi ma hirar Mai Tsinke ya yi ta yi mana, wai gwaggonsa aka yi wa shekaranjiya, tana ta murna. Haka abin yake, duk yadda muka ƙara matsarsa yabo sai ƙaruwa yake, don nan duk sababbin aiki ne. Masu kuka suna can baya inda muka baro.

Ranar kasuwar Dakwaro muka sami Mai Tsinke a gindin wata bishiyar gawo, jama'a sun yi masa zobe. Na zaci zan ga wani mugu mai jajayen idanu. Ina! Dattijo ne mai tsabta, farin rawani, murya a ƙasa, yana kiran kowa da ɗan'uwa. A gabanmu ya zaunar da wata tsohuwa a kan turmin da aka kife, wani ƙato ya riƙe mata kai, ya ɗauko tsinken daga cikin kwanon ruwan da yake tsoma shi bayan kowane aiki. Na kau da kai. Can sai na ji ta ƙwala ihu, "Na gani! Ga itace, ga mutane!" Wuri ya kaure da kabbara. Ba zan ɓoye ba, a wannan lokacin ni kaina na kusa cewa Baba je ka a yi maka.

Layi ya zo kanmu. Ni na zaunar da shi a kan turmin da hannuna. Na raɗa masa, "Baba, don girman Allah." Ya ture ni. Mai Tsinke ya ɗaga fatar idon ya duba ya ce ta nuna sarai, aiki ne mai sauƙi. Ƙaton ya matso zai kama kai, sai Baba ya ɗaga hannu.

"Malam, dakata. Ido guda gare ni."

"Na gani, ɗan'uwa. Allah zai ba da sa'a."

"Amin. An ce in na sunkuya cikin kwana arba'in idon ya mutu. To ni tsoho ne, ban yarda da kaina ba, ban yarda da barcina ba. Ga abin da nike roƙo. Ka yi mani aikin, sannan ka zamna tare da ni har kwanakin su cika. Ko nan garin, ko mu tai gidana Dauran. Ci da sha nawa ne. Ina da sa guda, naka ne. Kai za ka ɗaure mani kai da hannunka, kai za ka tsare ni. In ya buɗe mu gode Allah tare. In ya mutu, mu duka mun san ba ni na sunkuya ba."

 Mai Tsinke ya yi murmushi ya ce mutane na jiransa a gaba.

"To kwana ashirin."

"Ɗan'uwa, ni ba na wuce kwana uku a gari."

"To in ya yi ciwo, ina zan same ka?"

"Allah na ko'ina."

"Allah na san inda zan same shi," in ji Baba. "Kai nike tambaya."

Mai Tsinke ya kau da kai. Ya mayar da tsinken cikin kwano ya dubi na bayanmu ya ce wa ke biye. Jama'a suka fara surutu, wani ya ce tsoho in ba ka so ka tashi ka ba mutane wuri, wata ta ce wannan rashin tawakkali ne. Baba ya ɗan ƙara zama kamar mai jiran a ce wani abu. Ba a ce ba. Sai ya miƙo hannu ya ce, "Lawali, kama ni."

Sai da muka fita kasuwar muka zauna a inuwar wani gini sannan na ga hawaye na bin gemunsa. Ni murna nake, amma da na gan shi haka sai murnar ta koma ciki. Ya ce, "Na so ya ce to. Wallahi na so ya ce to." Na cire masa takalmi ina kakkaɓe yashi. Da ya natsa ya ce, "Kai ni Kanon taka. Amma can ma sai na tambaya."

Kuma ya tambaya. Da muka dawo gida muka huta, na kai shi asibitin ido a Kano, ya ƙi shiga wurin likita sai da ya wuni a benci cikin waɗanda suka dawo a duba su. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ce yaushe aka yi maka, me kake gani, ya yi ciwo? Ya sami na bara, ya sami na bariya, wato bara waccan, yawancinsu suna gani. Ya kuma sami wani mutumin Haɗeja da idonsa bai yi kyau ba, yana ta zirga-zirga ana ba shi magani. Na so in janye Baba daga wurinsa, ya ce in bar shi, wannan ne ma ya fi son ji.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Baba ya gaya mata ya ga wanda aikinsu bai yi wa kyau ba. Ta ce haka ne, yana faruwa, kuma ba za ta rantse masa cewa nasa zai yi ba, sai dai ta ce yawanci yana yi. Ya ce in idon ya mutu laifin wa? Ta ce sai ta duba ta gani, in nata ne za ta faɗa masa. Ya ce in ya yi ciwo ina zai same ta? Ta ce a ɗakin nan, in ba ta nan akwai wani. Sai Baba ya ce a yi.

Da aka shiga da shi na zauna a waje. Duk tsawon tafiyar nan ina faɗa ne kada wani ya kashe masa ido. Yanzu kuwa ni na kawo shi, in ya fito a makance ba Mai Tsinke, ba kowa, ni ne. Ko ruwa na kasa sha.

Washegari aka cire auduga. Ya yi ta ƙifta ido, ya juya ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Lawali, yaushe ka yi hurhura?" Na yi tsalle na fara kabbara har ma'aikatan suka leƙo. Ya kama rigata ya zaunar da ni.

"Yi shiru. Ladan ma ya gani ranar hwarko. Kada ka aika gida da wani labari. Ka tambaye ni baɗi."

Haka ya hana ni murna, kuma haka na yi shekarar nan a tsorace. Na mayar da shi aka duba shi yadda suka ce, na sayi maganin ɗigawa, duk da haka hankalina bai kwanta ba. Duk wanda ya shigo shagona daga Dauran sai na tsayar da keke ina kallon bakinsa. In na je gida na ce Baba ya ido, sai ya ce lokaci bai yi ba.

Da damina ta zagayo, shekara ta cika har ta gota, na rufe shago na tafi Dauran musamman don in yi tambayar. Aka ce yana gona. Na bi hanya ina shirya yadda zan fara. Na hango shi can ƙarshen gonar a duƙe yana cire ciyawa. Don sauri sai na bar hanya na yanka ta cikin kunya. Ban yi nisa ba ya ɗago, daga can nesa inda ko ni da ƙyar nake gane fuskarsa, ya ɗaga hauya ya daka mini tsawa.

"Kai Lawali! Ɗaga ƙahwarka, gero kake taka mani!"